Yadda Za Ka Yanke Shawara Kan Fito da Ƙyallin Alminiyum da Sinadari: Ka Yi a Masana'antarka Ko Ka Bayar Waje

Duk mai masana'antar da ke ƙera kayan alminiyum masu sheƙi, ko marikin ƙofa ne, ko kwanon fitila mai mayar da haske, ko adon jikin mota, ko murfin kwalbar turare, akwai ranar da zai riƙe takardar kuɗin da ɗan kwangilar da ke fito masa da ƙyallin kayan ya aiko masa ya tambayi kansa: wai ba tsoma kaya a asid na minti biyu ne kawai ba? Me zai hana in sayi tanki in riƙa yi da kaina?

Tsomawar kam minti biyu ce ko uku. Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba, don tankin shi ne abu mafi arha a harkar. Wanda ya shigo da wannan aiki gida, abin da ya saya a zahiri shi ne jerin tankuna sama da goma, da na'urar wanke hayaƙi, da wurin tace gurɓataccen ruwa, da takardun izini, da mutum ɗaya aƙalla wanda kullum aikinsa shi ne lura da lafiyar ruwan asid. Ra'ayina tun farko shi ne: idan ba ka da layin anodayizin, wato jerin tankunan da ake yi wa alminiyum fata mai tauri da wutar lantarki don ta kare fuskarsa, kuma kayanka ba sa fita a kai a kai kowane mako, bar aikin a waje ka gyara yadda kake bayar da shi. Idan kana da su duka biyun, shigo da shi na iya mayar da kuɗinsa. Ga yadda za ka gane ɓangaren da ka faɗa.

Abin da ke faruwa a cikin tankin

Ruwan da aka fi amfani da shi haɗi ne na asid ɗin fosforik, wajen kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari, da asid ɗin naitirik kashi 2 zuwa 4, da ɗan jan ƙarfe narkakke kaɗan ƙwarai, ragowar kuma ruwa. Wasu na ƙara asid ɗin salfurik don rage tsada. Ana riƙe shi da zafin digiri 90 zuwa 105 a ma'aunin Salshiyas, kayan su zauna ciki daga rabin minti zuwa minti huɗu ko biyar. Sanannen haɗin da ake kira R5 na kamfanin Alcoa ne na Amurka, kuma yawancin abin da ake sayarwa yau danginsa ne.

Naitirik yana yi wa fuskar ƙarfen wata siririyar fata, fosforik yana narkar da ita, su yi ta yi a lokaci ɗaya. Da yake ruwan mai kauri ne, abin da ya narke yana taruwa a cikin ƙananan kwarin da ido ba ya gani ya kare su, ƙananan tuddan kuma su cinye da sauri. Da fuskar ta daidaita, sai haske ya riƙa dawowa ta gefe ɗaya maimakon ya watse. Akwai hanyar da ake yin haka da wutar lantarki, irin Alzak ta Amurka da Brytal ta Ingila waɗanda suka fito a shekarun 1930, amma ta sinadari ta fi sauƙin kayan aiki, ta kuma fi shiga lungunan kaya masu lanƙwasa.

Abu ɗaya da ya kamata ka riƙe: kayan da suka fito daga tankin tsirara suke. Yatsa zai bar tabo, iska za ta dusashe su. Shi ya sa kusan kullum anodayizin ke biyo baya nan take, a layi ɗaya, kafin kayan su bushe. Ba a fito da ƙyalli a nan, a naɗe kaya, a kai wani gari a yi musu anodayizin.

Mataki na farko: duba ƙarfen da kake saye

Kafin ka zargi ɗan kwangila ko ka tambayi farashin tanki, ɗauko takardar shaidar ƙarfen da dillali ya ba ka ka duba lambar haɗin. Yawancin rigimar ƙyalli daga nan take farawa.

Babban abokin gaba shi ne baƙin ƙarfen da ke gauraye cikin alminiyum. Haɗin 6061, wanda kowa ke so saboda ƙarfinsa da sauƙin yankansa, an yarda ya ɗauki baƙin ƙarfe har kashi 0.7 cikin ɗari. Na 6063 iyakarsa 0.35. Na 6463, wanda aka yi musamman domin ƙyalli, bai wuce 0.15 ba. A ɓangaren faranti kuwa akwai 5252 da 5457 da 5657, dukkansu iyakarsu 0.10. Waɗannan ƙwayoyi na baƙin ƙarfe ba sa narkewa daidai da alminiyum, kuma idan an yi anodayizin suna maƙalewa cikin fatar su mai da ita hazo-hazo. Saboda haka za ka ga 6061 ya fito daga tankin yana walƙiya, amma bayan anodayizin ya koma fari-fari ba armashi. Kayan zubi irin 380 da 356, masu silikon tsakanin kashi 6.5 da 9.5, toka-toka suke fitowa. Kada ka ɓata musu asid.

Duba kuma yanayin fuskar. Tankin yana cinye maikiron kaɗan ne kawai (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), don haka ba ya share zurfafan ƙarce, ko layukan da injin matso sanduna ya bari, ko sawun haƙorin injin yanka. Wani lokaci ma ƙara bayyana su yake yi. Idan madubi kake so, sai an goge kayan da injin gogewa tukuna. Wurin walda zai fito da launi dabam. Idan an riga an cusa wa kayan ƙusar tagulla ko ta baƙin ƙarfe, asid zai ci ta, ya kuma gurɓata ruwan tankin.

Idan ka gano cewa matsalarka ƙarfen ce, canza shi ka sake aika samfur. Da dama a nan maganar sayen tanki take mutuwa.

Mataki na biyu: rubuta abin da kake nufi da ƙyalli

"A yi shi ya yi sheƙi sosai" ba umarni ba ne. Samu na'urar auna sheƙi, ka auna a kusurwar digiri 20 ko 60 kamar yadda ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ISO 7668 ta tanada, ka rubuta mafi ƙarancin lambar da za ka karɓa. Rubuta kaurin fatar anodayizin, wanda ga kayan ado masu sheƙi yakan tsaya tsakanin maikiron 5 da 10, don duk ƙarin kauri ragin haske ne. Ana auna shi bisa ISO 2360. Nuna a zane fuskar da mai saye zai gani, da inda aka yarda maratayi, wato abin da ake rataye kayan a kai a tsoma su a tanki, ya taɓa, domin duk inda ya taɓa zai bar alama.

Sannan ka ware samfura uku: mafi kyau, matsakaici, da na ƙarshen abin da za a karɓa. Ka sa hannu a bayansu, ɗan kwangila ya sa, kowa ya ajiye nasa a cikin akwati nesa da rana. Wannan takarda da samfuran za su yi maka aiki ko wace hanya ka bi.

Mataki na uku: fitar da ainihin abin da aikin waje ke ci maka

Tattaro bayanan shekara guda. Farashin kowane guda shi ne na sama kawai. Ƙara kuɗin mota zuwa da dawowa, kuɗin naɗewa sau biyu, mafi ƙarancin cajin da ake yi maka idan kayan ba su cika lodi ba, da darajar kayan da suka dawo a lalace. Wannan na ƙarshen ya fi ciwo, domin kayan da aka lalata a matakin ƙarshe sun riga sun sha yanka da huji da gogewa, kuma yawancin 'yan kwangila kuɗin aikinsu kawai suke mayarwa, ban da kuɗin kayan. Ƙara kuɗin da ke kwance a kayan da ke hanya ko ke jiran layi.

Daga nan ka tambayi kanka tsakani da Allah: tsada ce ke damuna, ko jinkiri, ko rashin inganci? Idan jinkiri ne, wataƙila yarjejeniyar ranar kai kaya tsayayya kowane mako ta wadatar. Idan inganci ne, koma mataki na farko da na biyu. Tsada ce kaɗai, tare da yawan kaya, ke kai mutum ga mataki na gaba.

Mataki na huɗu: zana layin gaba ɗayansa

Ɗauki mafi girman kayanka, shi zai yanke girman kowane tanki. Jerin yakan tafi haka.

Da farko tankin wanki mai sabulun masana'anta wanda ba ya cin ƙarfe, da ɗumi, don cire mai da ragowar man gogewa. Kada a sa soda mai ƙarfi irin wadda ake amfani da ita wajen dusashe alminiyum, za ta kashe abin da ake nema. Sai ɗauraya, a bar kayan su tsane sosai, saboda duk ruwan da suka ɗauka cikin asid zai ƙare ya sirka shi.

Sai tankin ƙyallin. Ana gina shi da ƙarfen da ba ya tsatsa mai lamba 316L, sau da yawa mai bango biyu saboda yoyo, da bututun tururi ko hita mai rigar da asid ba ya ci. Dole a sami hanyar motsa kayan ko ruwan, in ba haka ba kumfar da ke tashi za ta ja layuka a jikin kayan.

Abin da ke biye shi ne inda gwaninta take. Ka tsaya kusa da ma'aikaci ka gani: ƙugiya ta ɗago maratayi, ruwan na zuba daga jikin kayan a hankali kamar zuma, hayaƙi ja-ja mai ruwan ƙasa na tashi ana zuƙe shi ta bakin tanki, kayan kuma suna ci gaba da cinyewa a iska don har yanzu da zafi da asid a jikinsu. Idan ya yi jinkiri, fuskar za ta yi dishi-dishi da sawun zubar ruwa. Idan ya yi gaggawa, ya kwashe asid mai tsada ya kai tankin ɗauraya. Tsakanin ɗagowa da tsomawa a ruwa 'yan daƙiƙoƙi ne, kuma tankin ɗaurayar farko dole ya kasance manne da na asid, ruwansa da ɗumi don ya iya wanke abu mai kauri. Shi ya sa masu yawan kaya ke sa ƙugiya mai sarrafa kanta, wadda ba ta gajiya da yamma.

Bayan ɗauraya ta biyu, sai tankin cire kunkunniya, galibi naitirik ne sirkakke, wanda ke kwashe ɗan jan ƙarfen da ya kwanta a fuskar. Sai ɗauraya, sai anodayizin a asid ɗin salfurik kashi 15 zuwa 20, a sanyin digiri 18 zuwa 21, wanda ke nufin kana bukatar injin da ke mayar da wutar lantarki ta riƙa tafiya gefe ɗaya da injin sanyaya ruwa. Sai ɗauraya, rini idan ana so, sannan toshe ƙananan ƙofofin da anodayizin ke bari a fatar a tataccen ruwa mai zafin digiri 96 zuwa 100 ko a ruwan nikel asitet, sai busarwa.

Ga wani abu da sababbi ba sa sani sai ya same su: fosfet, wanda daga asid ɗin fosforik yake fitowa, ɗan kaɗan, miligiram kaɗan a lita, ya isa ya hana tankin toshewa yin aikinsa. Kai kuma ga ka da tan-tan na fosforik 'yan taku kaɗan daga wurin. Idan ɗaurayarka ba ta da kyau, ko kayanka na da ramukan da ba su ɓulle ba masu riƙe asid, za ka fitar da kaya masu kyan gani waɗanda za su yi tabo a hannun mai saye. Don haka kada ka rage yawan tankunan ɗauraya don tsimin wuri.

Mataki na biyar: hayaƙi, ruwa da izini

Hayaƙin nan mai ruwan ƙasa naitirojin dayoksaid ne, kuma mugun halinsa shi ne ba ya nuna illarsa nan take. Mutum zai shaƙa, ya yi ɗan tari, ya tafi gida lafiya lau, bayan sa'o'i huhunsa ya cika da ruwa. Hukumar OSHA mai kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka ta sa iyakar kashi 5 cikin miliyan da ba a yarda a haura ba ko na ɗan lokaci, Tarayyar Turai kuma ta sa 0.5 a matsakaicin sa'o'i takwas. Saboda haka ana bukatar murfin zuƙa a bakin tanki, da bututu, da fanka, da hasumiyar wanke hayaƙi. Ruwa zalla ba ya kama wannan hayaƙi yadda ya kamata. Ana amfani da ruwan soda, sau da yawa a matakai biyu ko fiye. Duk iskar da aka zuƙe kuma sai an mayar da wata cikin ɗakin. Ka sa a haɗa wutar fanka da ta hita, ta yadda idan fanka ta tsaya hita ma za ta tsaya, ƙararrawa kuma ta kaɗa.

Ruwan ɗauraya yana fita da asid, fosfet, alminiyum, da ɗan jan ƙarfe da nikel. Ba a sakinsa haka. Ana kashe asid ɗin da garin laim, fosfet ya kwanta ya zama laka, a matse lakar da inji, a biya masu izini su kwashe. Lakar tana da yawa fiye da yadda kowa ke zato. Manyan masana'antu suna barin tankin ɗaurayar farko ya yi kauri har fosforik ɗinsa ya kai wajen kashi 35, su sayar wa masu yin takin zamani. Amma mai sayen tanka guda yake so, ba 'yan durom ba, don haka ƙaramin wuri ba ya cin wannan moriyar.

Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Amurka, ruwan irin wannan aiki yana ƙarƙashin sashe na 433 na dokokin hukumar kare muhalli ta EPA. A Tarayyar Turai, idan jimillar tankunan aiki ta haura kubik mita 30, wurin ya shiga ƙarƙashin dokar hayaƙin masana'antu ta 2010. Ƙasashe da yawa kuma suna sa ido kan sayen naitirik saboda ana iya haɗa abin fashewa da shi. Je wurin hukumar muhalli da ta magudanar ruwa da kamfanin inshorarka kafin ka biya kuɗin ko da tanki ɗaya. Idan ginin haya ne, mai ginin ma yana da ta cewa.

Mataki na shida: yi lissafin

Raba kuɗin yin aikin a gida kashi biyu. Akwai wanda za ka biya ko ka yi aiki ko ba ka yi ba: kuɗin kayan aiki a rarrabe kan shekarun da za su yi, albashin mai kula da sinadari, izini, inshora, gyara, da wutar riƙe tanki da zafi. Akwai kuma wanda ke bin yawan kaya: asid, ruwa, wutar anodayizin, laim, kwashe laka, da hannun da ke rataye kaya ɗaya bayan ɗaya. Ratayewar nan tana cin lokaci fiye da tsomawar nesa ba kusa ba.

Misali kawai, da lambobin da na ƙaga don nuna hanya: a ce guda ɗaya yana ci maka 100 a waje idan an haɗa komai, a gida kuma kuɗin da ke bin kaya 45 ne. Ribar kowane guda 55. Idan tsayayyen kuɗin shekara 2,750,000 ne, sai ka yi guda 50,000 kafin ka fara ganin riba. Yanzu sake lissafin sau biyu: sau ɗaya a ce odarka ta ragu da kashi ɗaya cikin uku, sau ɗaya kuma a ce a watannin farko kana zubar da kaya ninki biyu na abin da ɗan kwangila ke zubarwa, wanda shi ne abin da ya kamata ka sa rai. Idan har yanzu lissafin ya tsaya da ƙafarsa, ci gaba.

Mafi yawan asid ɗin da za ka saya ba ƙarfe ne ke cinye shi ba, kayan ne ke kwashe shi a jikinsu zuwa ɗauraya. Kaya masu kofi-kofi da lunguna sun fi kwasa. Saboda haka ka auna da kayanka na gaske, kada ka dogara da lambar da ke takardar mai sayar da sinadari.

Kuma tankin ba ya son zaman banza. Wanda ake kunnawa sau ɗaya a mako yana shan danshin iska, yana cin wuta da sa'o'i kafin ya yi zafi, kuma kowace kunnawa sai an sake daidaita shi.

Mataki na bakwai: idan ka zaɓi gida

Fara da mutum kafin inji. Nemo wanda ya taɓa riƙe irin wannan tanki, ko ka tura naka ya koyo, kuma kada ilimin ya tsaya a kan mutum ɗaya. Zaɓi mai sayar da sinadari wanda zai turo ma'aikacinsa ranar haɗa ruwan farko, ya kuma riƙa karɓar samfurin ruwa yana gwadawa.

Sabon ruwa yana da zafin ci, ba ya ba da ƙyalli mai kyau sai alminiyum ya ɗan narke a ciki. Ana narkar da tsaftatattun gutsattsarin ƙarfe a ciki da gangan, ko a zuba wani kaso na tsohon ruwa. Yawanci ana aiki da narkakken alminiyum wajen giram 30 zuwa 45 a lita, nauyin ruwan kuma tsakanin kilo 1.65 da 1.72 a lita, gwargwadon haɗin da kake amfani da shi.

Kowace safiya, kafin kayan mai saye su shiga, a auna zafi, a auna nauyin ruwa, a gwada yawan naitirik, a tsoma faranti ɗaya na gwaji a auna sheƙinsa, a rubuta duka a littafi. Naitirik yana ƙarewa da sauri saboda zafi da aiki, don haka ana ƙara shi kaɗan-kaɗan a cikin yini, ta bututun da ya nutse ƙarƙashin ruwa, fanka na aiki. Ruwa ma a hankali ake ƙara shi. Wanda ya juye bokiti cikin asid mai digiri 100 zai ga tartsatsi a fuskarsa.

Kayan da kansu suna faɗin ciwon tankin. Idan sun fito dushe da ja-ja a jiki, naitirik ya yi ƙasa. Idan ga ƙananan ramuka da sawun zuba ga hayaƙi ya yi yawa, naitirik ko zafi ya haura. Idan fuskar ta yi fari-fari ko'ina, ruwa ya yi yawa a haɗin. Idan ka ga wasu fararen ɗigo-ɗigo masu kama da ƙanƙara, alminiyum ya yi yawa ko ruwan ya yi kauri har gishirinsa ya fara daskarewa, sai a ɗebe wani kaso a zuba sabo. Layuka a tsaye kuma alamar rashin motsi ce ko an rataye kayan ba daidai ba. Ka kiyaye tankin daga duk abin da ke da kuloraid, irin gishirin girki, yana huda kayan, yana cin bangon tankin.

Ma'aikaci yana bukatar garkuwar fuska a kan tabarau, safar hannu doguwa, rigar roba mai rufe gaba da takalmin roba. Shawa da famfon wanke ido su kasance inda mutum zai kai cikin daƙiƙa 10, su iya zuba na minti 15. Kada a ajiye naitirik kusa da tsumma, garin katako, mai ko tina ta sirka fenti, kada kuma a ajiye asid da soda a rami ɗaya. Duk wanda ya shaƙi hayaƙin sosai a kai shi asibiti ko da ya ce ba ya jin komai.

Kada ka sallami ɗan kwangilarka ranar da ka kunna layi. Ka raba aikin: kaya mafi sauƙi a gida, masu wuya a waje, har sai littafinka ya nuna makonni a jere ba tare da tangarɗa ba. Ko bayan nan ka riƙa aika masa wani abu, domin ranar da fanka ta mutu ko tanki ya yi yoyo za ka neme shi.

Mataki na takwas: idan ka zaɓi waje

Ba kowane mai anodayizin ke da tankin ƙyalli ba, saboda dalilan da ka gani a sama, wasu kuma karɓa suke yi su miƙa wa wani. Tambaya kai tsaye: a nan ake yi? Je da ƙafarka. Nemi ganin littafin gwajin tanki na makon jiya, ba na ranar da ka zo ba. Ɗaga kai ka dubi ƙarafan rufin ɗakin. Idan sun ci tsatsa, zuƙar hayaƙinsu ba ta aiki. Tambayi inda lakarsu ke zuwa, domin wurin da hukuma ta rufe yana rufewa ne da kayanka a ciki.

Aika samfur daga ainihin ƙarfen da za ka riƙa amfani da shi, a goge shi yadda za a riƙa gogewa, kuma aƙalla maratayi guda cike, don a ga bambancin na sama da na ƙasa. A yarjejeniya a rubuta lambar sheƙi, kaurin fata, gwajin toshewa bisa ISO 2143 ko ISO 3210, kwanakin dawowa, da wanda zai ɗauki asarar kayan da suka lalace da kuma iyakarta. A rubuta cewa ba za a cire fata a sake aiki ba sai da izininka, saboda kowace maimaitawa tana rage kauri tana buɗe ramuka da zaren ƙusa. Idan akwai wurin da awonsa ke da tsauri, gaya musu tun farko a rufe shi kada asid ya taɓa shi, ko ka bar ɗan ƙari a wajen yanka.

Akwai kuma abin da ke hannunka kai kaɗai. Ka riƙe gogewa a gida, domin a nan ake samun rabin ƙyallin, kuma ba ta bukatar izinin hayaƙin asid. Ka wanke ruwan injin yanka daga jikin kayan kafin ya bushe ya ci fuskar. Kada ka haɗa ƙarfen dillalai biyu a lodi ɗaya ba tare da alama ba. A ɗauki kayan da safar auduga, a raba su da takarda marar asid, a sa a akwatuna masu gida-gida waɗanda za su je su dawo da kayan a ciki. Idan odarka ta yi ƙarfi, biya kuɗin maratayan da aka ƙera domin kayanka kaɗai, ka rubuta a yarjejeniya cewa naka ne, ka tafi da su duk ranar da ka canza ɗan kwangila.